Naƙudar Gimbiya

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji biyu a kwalej, na durƙusa ƙarƙashin rumfar kara ta gidanmu a Gure ina kallon kofato ɗaya da tsinin hanci da suka leƙo daga bayan tunkiyata suka tsaya cak. Tun hantsi ruwa ya fashe mata, ga shi rana ta take tsaka. Ta yi nishi har ta gaji, ta shimfiɗa wuyanta a kan rairayi tana bina da ido. Baba ya bi kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kelle da kayan butik, wato shagonmu, tun da sassafe, Inna kuma ta tafi Gamu gaisuwar rasuwa, sai washegari za ta dawo. Ba kowa a gidan sai ni da yayata Hawwa wadda ke lise, babbar sakandare, ni kuwa shekarata goma sha uku.

Mu ba gidan kiwo ba ne. Kakanmu daga Damagaram ya zo da fatauci, abin da muka sani shi ne awon sukari da ƙulla gishiri a leda. Tunkiyar nan, Gwaggo ce ta ba ni ita tana 'yar ƙarama, uda ce, gabanta ja bayanta fari fat, ta ce in riƙe ta hayayyafa, ranar aurena da 'ya'yanta za a yi mini kayan ɗaki. Ni na raɗa mata suna Gimbiya, don a lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da muke karɓa haya a kasuwa, ina ɓoye su a cikin jakar lakwal, wato makaranta. Kullum kafin in tafi sai na share turkenta, in dama mata dussa, in jefa 'yar kanwa a ruwanta. Da yamma ƙawayena na gaɗa a ƙofar gida, ni ina zaune a kan turmi ina miƙa mata harawa da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da littafi, wani lokaci har karanta mata nake yi. A raina na gama lissafin komai: wannan cikin na fari shi ne gadona mai madubi, na biyu labule, na uku jeren kwanuka masu furanni. Angon ma na zana masa fuska, suna kawai ya rage.

Da na ga abin ya ƙi, sai na zari mayafi na fita a guje. Maƙwabcinmu mai awaki ya kora dabbobinsa kwari, wajen lambunan dabino, matarsa kuma ta ce ita ko kaza ba ta taɓa gyarawa ba. Na ruga wajen likitan dabbobi na tarar da kwaɗo a ƙofa, wani mai shayi ya ce sun shiga daji rigakafi. Na dawo ina haki, na samu Gimbiya ta daina ko yunƙurin, ƙuda sun fara taruwa. Yaya Hawwa na tsaye da salularta a hannu, fuskarta ba annuri.

Salular nan saboda karatu Baba ya saya mata, kuma bai taɓa sakin jiki da ita ba. Akwai shafin da ake zuba bidiyo na koyon abubuwa, a nan Yaya take ganin lissafi, a nan kuma, idan Baba ba ya nan, muke koyon ɗaurin kallabi da zanen lalle da yadda ake gasa gato, wato kek, a tukunyar yashi. Ya sha faɗa mana cewa, "Wanda ke cikin abin nan bai san ko yaro ne ke kallonsa ko babba ba, magana ɗaya yake wa kowa." Mu dai dariya muke yi a ɓoye. A ranar ba wadda ta yi dariya. Yaya ta rubuta da Faransanci, tunkiya ta kasa haihuwa, amma rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga gidanmu don a gangare muke, sai an hau tudun rairayin da ke bayan unguwa.

Ban manta hawan tudun nan ba. Rairayi ya yi zafi kamar an kwashe shi daga murhu, silifas ɗina ɗaya ya tsinke a rabin hanya, na ƙarasa da ƙafa ɗaya a ƙasa. A can sama muka lulluɓe kawunanmu da mayafi ɗaya don mu iya ganin hoton. Wata Baturiya ce a cikin ciyawa kore shar, da safar hannu har kafaɗa, ga wata tunkiya mai gashi kamar auduga. Tana magana da sauri, Yaya tana juya mini. A wanke hannu, a shafa mai. Kada a ja ƙafa ɗaya. A tura ɗan ya koma ciki, a lalubo ɗaya ƙafar, a bi ta da yatsa har kafaɗa, a rufe kofaton da tafin hannu kada ya yaga mahaifa. Sai matar ta ɗago ta kalle mu, ta ɗaga yatsa, ta ce amma ku yi hattara sosai, idan kuka ji...

Nan hoton ya tsaya. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a kan fuskarta, sai saƙo ya shigo cewa forfe, kuɗin intanet ɗin da aka sa, ya ƙare. Yaya ta girgiza salular, ta ɗaga ta sama, ta kashe ta kunna. Bakin matar na nan a buɗe, yatsanta a sama. Daga inda muke ina hango rumfarmu, kuma ba na jin kukan Gimbiya.

Da muka sauko Yaya ta gwada, hannunta ya ƙi shiga, ta koma gefe tana yunƙurin amai. Ta dube ni ta ce, "Rakiya, naki ne ƙarami. Ke da kike karanta jarumai kullum, to ga ranarki." Na wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta tsiyaya mini man gyaɗan Inna, ta danne wuyan tunkiyar da gwiwarta. Na yi bisimilla na tura ɗan a hankali ya koma, hannuna ya bi shi. Ban taɓa sanin cikin dabba yana da zafi haka ba, ga matsi, duk lokacin da ta yi nishi sai in ji kamar za a karya mini yatsu. Na rufe ido ina lalube cikin santsi, can sai na ci karo da wata ƙafa. Murna ta kama ni, na haɗa ta da ta farko na ja.

Ba abin da ya motsa. Na ƙara ja, Gimbiya ta saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, jini ya biyo hannuna. Yaya tana ta cewa in ja da ƙarfi, haka matar ta yi, ni kuwa jikina ya ba ni cewa wani abu ba daidai ba ne. Sai na tuna ban bi ƙafar har kafaɗa ba. Na sassauta, na bi ta da yatsa gaɓa bayan gaɓa, ta kai ni ga wani wuya, wuyan ya kai ni ga wani kai. Kai na biyu. Tagwaye ne, kuma ƙafafun da nake ja ba na ɗa ɗaya ba ne. Na faɗa wa Yaya da muryar da ni kaina ban gane ba. Ta ce, "Wannan ba su nuna ba."

Daga nan ba mai koya mini. Na tura na biyun baya, na koma kan na farko, na bi wuyansa zuwa ƙirji, na samu ƙafarsa a naɗe can ƙasa. Na rufe kofaton da tafina na miƙe ta sannu a hankali, gumi na shiga idona, Yaya na goge mini da gefen zaninta tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Da Gimbiya ta yi wani ɗan nishi na bi ta da ja, sai ga shi ya sulluɓo gaba ɗaya a kan cinyata. Harshensa a waje, ya kumbura. Mun goge shi, mun hura masa hanci, mun jijjiga shi, bai motsa ba. Ina cikin kuka ta biyun ta fito kusan da kanta, 'yar mace, ta yi atishawa ta girgiza kunne.

Amma uwar ba ta tashi ba. Ta lashi 'yar sau biyu ta mayar da kai ƙasa, jinin kuma yana ɗiga. Muka yi ta zama muna kore mata ƙuda da mafici, ina ɗura mata ruwan dussa da ludayi, har inuwa ta juya. Da la'asar sakaliya muka ji sallamar Baba. Ya tsaya ya kalli rumfar, ya kalli rigata, ya kalli salular da ke yashe a kan turmi, muka gaya masa komai ba mu rage ba. Na jira faɗa, bai yi ba. Ya tsuguna ya ɗora hannu a kan haƙarƙarin tunkiyar ya daɗe, sannan ya ce, "Daga yau abin da za ku kalla ku kalle shi har ƙarshe, kuma da babba a kusa." Yaya, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta ce, "To Baba, sai ka riƙa sa mana forfe mai yawa." Ya harare ta, amma na ga gemunsa ya motsa. Dab da magariba Gimbiya ta dafa gwiwoyinta ta miƙe tana rawa, 'yar ta laluba ta kama nono.

Likita ya zo bayan ya dawo daga daji ya yi mata allura. Ta rayu shekaru, ta yi ƙiba, amma ba ta sake ɗaukar ciki ba. Na tambaye shi ko jan da na yi ne, ya ce ba mai iya sani, da an bar ta kuma da ba ta kai yamma ba.

Yanzu rezo har ƙuryar ɗaki yake shiga. 'Ya'yan Yaya Hawwa idan sun zo hutu daga Damagaram suna kwance a kan tabarma suke koyon komai, daga ninke takarda har gyaran waya mai wuta, ba wanda ya taɓa ƙona ƙafarsa don neman minti ɗaya na ilimi. Ba na hana su, amma nakan ja kujera in zauna kusa, in tambaye su me mutumin ya ce a ƙarshe. Rumfar karan an rushe ta an yi ɗaki, Baba ya tsufa ba ya bin kamiyo, kuma wani lokaci nakan yi kewar yarinyar nan da ta ɗauka duk abin da aka nuna mata zai zo daidai yadda aka nuna. Har yau ban sani ba ko na yi ƙanƙanta da aikin nan, na dai san ba wani hannu a gidan sai nawa.