Kotun Kwali ta Alhaji Tasi'u

Ina tsaye a bakin sitonmu na unguwar Sanyuanli a Guangzhou bayan la'asar, ana sauke kaya, wayata ta yi ƙara. Nura ne, babban ɗan Alhaji Tasi'u, yake kira daga Kano, inda a lokacin hantsi ne. Ya ce, "Baba Habu, sai dai haƙuri. Allah ya yi wa Baba rasuwa bayan asuba, yanzu ake shirin kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na nemi wani katan na zauna. Ba zan ɓoye ba, kafin baƙin cikin rabuwa ya iso, wani abu ne ya fara dukan ƙirjina: maganar ƙarshe da na yi wa Alhaji a duniya ƙarya ce, kuma ya tafi da ita a matsayin gaskiya.

Shekaru masu yawa muna sito ɗaya da shi a Guangzhou. Ni takalma da jakunkuna nake aikawa gida, shi kuma kayan wasan yara, musamman bindigogin roba da yara ke rububi a kansu lokacin Sallah, masu harba 'yan ƙwayoyi farare da ba su fi ƙwayar dawa da yawa ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya nuna mini hanyar jirgin ƙasa zuwa Panyu, inda masana'antu suke, shi ya koya mini cewa idan laoban, wato mai masana'anta, ya ce "meyo", wato babu, ba lalle ne babu ɗin ba, wani lokaci farashinka ne bai yi masa ba. Duk baƙon da ya sauka daga Kano bai san kowa ba, ɗakin Alhaji yake fara kwana, ya sha shayi, a raka shi kasuwa.

Amma abin da aka fi saninsa da shi wani kwali ne a kusurwar sito. Kwalin injin wanki ne da ya yanke wa fuska ɗaya. A ciki ya jera fallen kwali biyu a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, can baya ya rataye wani tsohon bargo da ya zo da shi daga gida. A ƙasa ya sa faranti a karkace, ƙwayoyin su gangara cikin gwangwanin madara. Duk samfurin da aka kawo, sai ya sa tabarau, ya ja baya taku biyar, ya harba. Idan ƙwaya ta lotsa fallen farko ta faɗi, kaya sun wuce. Idan ta huda shi ta kai na biyu, ko kyauta aka ba shi ba zai ɗauka ba. Ni na raɗa wa kwalin suna kotu, don tsokana. Nakan ce, "Alhaji, yau wa za a yanke wa hukunci?" Ya ce, "Wanda ya fi ƙarfin wasa."

Wata rana na ga bargon yana reto, na ce bari in gyara masa, na ɗaure shi tamau ta kusurwa huɗu. Harbin farko ƙwaya ta dawo ta same ni a kunci. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kwance ɗaurin. Ya ce, "Habu, sako-sako ake barinsa, shi ne yake shanye ƙarfin. Abin da ya ƙi lanƙwasa, mayar maka yake yi." Haka ma yake da mutane. Na sha ganin ɗan kasuwa ya shigo yana kumfar baki, Alhaji ya bar shi ya zazzage tas, sannan ya miƙa masa kujera.

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalilin kotun. Wata Sallah yana gida, 'yar maƙwabcinsa tana zaune a zaure da sabon lalle a hannunta, wani ɗan uwanta ya harbo mata ƙwaya a ido. Idon bai sake gani ba. Ya ce, "Ba kayana ba ne, amma irin kayana ne. Daga ranar na ce ba zan aika abin da ban tambaye shi ƙarfinsa ba." Wannan tsari ya jawo masa asara ba sau ɗaya ba, domin masu ƙarfin, su yara suka fi so, su ne kuma ba sa kwana a kasuwa. Mukan ce masa ya cika tsanani, ai wasa ne. Yakan ce, "Ƙwaya ba ta san wasa ake yi ba."

Da ciwo ya matsa masa, 'ya'yansa suka dage ya koma gida a duba shi. Ya bar oda guda a wata masana'anta a Panyu, kwantena cur, wadda ake so ta isa kafin Sallah. Ranar da zai tafi ya kama hannuna ya ce, "Habu, idan sun gama, ka ɗebo daga cikin katan, ba wanda laoban zai miƙo maka ba. Ka kai su kotu." Na ce an gama.

Sai lokacin danshi ya shigo, irin wanda bango ke gumi a garin nan. Kwalin ya jiƙe ya yi laushi, ni kuma ina neman wurin ajiye takalma, na kwashe shi na zubar, na naɗe bargon na jefa saman kaya da niyyar in haɗa sabo. Ban haɗa ba. Da kayan suka kammala, laoban ya ce an canja musu mai kawo sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke cilla ƙwayar, amma duk ɗaya ne. Jirgin ruwa na shirin tashi, kaina ya ɗau zafi da nawa lodin, na sa hannu aka rufe kwantena. Guda biyu kawai na ɗauko daga wani katan na cusa a jaka, su ma ban ko buɗe ledarsu ba.

Bayan kwana kaɗan Alhaji ya kira daga gadon asibiti, muryarsa can ƙasa. Ya ce, "Habu, ka kai su kotu?" Na ce, "Na kai, Alhaji. Sun wuce." Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka sauke mini nauyi, Allah ya yi maka albarka." Na ce amin. Na gaya wa kaina cewa mara lafiya ba a ɗora masa damuwa, kuma idan ya warke zan faɗa masa mu yi dariya. Gaskiyar ita ce kunya na ji, kuma ganda ce ta kai ni. Ba mu sake magana ba.

Washegarin rasuwar, bayan 'yan uwa na Kano da na Nijar da na Gana sun taru mun yi masa addu'a, na roƙi kwalin firji a wani shago, na yanke shi yadda na ga yana yi. Na jera falle biyu, na rataye bargonsa, na sa tabarau, na ja taku biyar. Ƙwayar ta huda na farko, ta huda na biyu, sai bargo ne ya tsayar da ita. Na gwada ɗaya bindigar, haka. Na daɗe a tsaye da abar a hannuna, ina tuna yawan katan ɗin da ke kan ruwa.

Na bari aka yi sadakar uku, sannan na kira Nura na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Baba Habu, ka san kayan nan yanzu na gado ne. Akwai ƙannena mata, akwai Hajiya. Kuma dillalai sun fara tambaya." Na ce na sani, laifin nawa ne, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Da yamma ya sake kira. Ya ce, "Hajiya ta ce a gaya maka, ko katan ɗaya ba zai shiga kasuwa da sunan Baba ba. Ta ce tuwon da suka ci shekara da shekaru babu idon ɗan kowa a ciki, ba yanzu za a fara ba." Ya ƙara da cewa su sun yafe mini nasu.

Nasu suka yafe. Wanda na yi wa ƙaryar yana kabari, kuma albarkar da ya sa mini a ranar, a kan aikin da ban yi ba ya sa ta. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka san Alhaji su san cewa kayan da suka ƙi wucewa ba shi ya aiko su ba, ni ne. Shi bai taɓa saɓa ƙa'idarsa ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Ya Allah, ga bawanka Tasi'u ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka haskaka makwancinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Yaran da suka yi Sallah da kayansa suka koma gida lafiya, ka sanya su a mizaninsa. Ka ba Hajiya da Nura da ƙannensa haƙuri, ka mayar musu da abin da suka bari saboda kai da mafi alheri, ka raya zuriyarsa a kan halinsa. Ni kuma, ranar da za ka tara mu, ka ba ni ikon faɗa masa gaskiya da bakina, ka sa ya yafe mini. Amin.