Ƙugiya Ɗari da Baƙin Zare

Ina tsugune ina auna ƙafar wandon wani, da allura a bakina, sai ga ƙanwar abokina a ƙofar shago, ko takalmi babu. Ta ce, "Tela, Yaya ya tafi." Na ce ina? Ta ce ya rasu. Wai yana ɗaura wa 'yarsa takalmin makaranta ya kife, shi ke nan. Allurar ta faɗi, har yau ban neme ta ba.

Ƙugiya muke ce masa. Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakaninmu, ni da kekena, shi da kwamfutarsa a lungun shagon buga riguna, ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa sai an zungure ta. Aikinsa gyara tambari kafin a buga shi a riga ko hula ko kofi. Mutum zai turo tambarin ƙungiyarsa ta waya, ɗan mitsitsi, dishi-dishi, wanda aka ɗauko hotonsa daga jikin tsohuwar jaka, ya ce a cika masa bayan riga da shi. Sai Ƙugiya ya ja tsaki ya ce, "Wannan in ka ja shi, taɓo zai koma." Ya zauna ya sake zana shi layi-layi, ya cire farin da ke bayansa, sannan ya gwada launin a ƙyallayen da nake tara masa, don ya ce jan allo daban, jan auduga daban.

Sunan kuwa ga inda ya samo shi. Wani asibitin gyaran karaya ya kawo aikin rigunan ma'aikata, salon rubutun da suka zaɓa ba shi da harafin ƙ. Mai shagon ya ce a buga haka nan, wa zai lura? Abokina ya juyo masa allon, ga shi ɓaro-ɓaro: ASIBITIN KASHI.

Ya ce, "Maigida, mutum talatin za su yi yawo da wannan a ƙirji? Ƙashi suke ɗorawa, ba masai suke kwashewa ba."

Da hannunsa ya zana wa harafin ƙugiyarsa. Tun ranar sunan ya bi shi.

Kwana uku da rasuwarsa mai shagon ya shigo mini da kwali, yana wani langaɓe kai. Wai riguna hamsin ya buga na tunawa da marigayi, gobe za a kai gidan a raba wa dangi. Na ɗaga guda ɗaya.

Hotonsa ne daga waya, an ja shi gefe da gefe har fuskar ta baje kamar faranti, ga farin nan a bayansa ko cirewa ba a yi ba. A ƙasa an rubuta: ALLAH YA JIKAN KUGIYA. Na juya bayan rigar. Tambarin shagon ne tas-tas, wanda marigayin ya zana da kansa, da lambar waya, kowace lamba ta fi idonsa girma.

Na ce, "Maigida, jikan wa? 'Yarsa shekararta shida."

"Haba Tela, ai an gane. Allah ya san abin da ake nufi."

"Allah ya sani. Amma matarsa ta iya karatu."

Ya ce shi dai ba zai sake bugawa ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsare wa baƙi mutuncin sunansu, a ce shi nasa za a kai wa iyalinsa a gutsure, addu'ar ma an mayar da ita shirme, kuma a yi talla a bayansa? Na ce ya ajiye kwalin ya tafi.

Na sallami masu jira, na ɗauko sabuwar allura da baƙin zare. Kowace riga ƙugiya biyu, ɗari ke nan. Lambar wayar kuwa na lulluɓe ta da ƙyallayen nan da na tara masa, na bi da keke. Mai shagon ya daina gaishe ni, ban kuma rasa komai ba. Hoton ne dai ya fi ƙarfina, na bar shi ina jin kunyarsa.

Da na kai rigunan gidan, matarsa ta shafa zaren da yatsa, ta ce, "Shi tasa ta fi wannan lanƙwasa." Ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata.

Ni ma da laifina. Allon shagona DINKI aka rubuta, tun kafin in san shi. Ana gobe zai rasu, ya tsaya a ƙofata da yamma, jakarsa a kafaɗa, ya ɗaga kai ya harari allon kamar kullum.

"Tela, wannan abin kunyar yaushe za ka bar ni in gyara?"

"Sai ka huta tukuna, sarkin iyayi."

"To ajiye mini tsani. Ba na son mutane su ce abokina ne."