Ranar da Na Koya wa Tsoho Tsufa

A shekarun da Nasara suka fara zama a Filinge, aikina shirya mutane don lanho, kuɗin kan da suka ɗora wa kowane baligi. Na taɓa bin sojojinsu ina kora musu jakuna, a nan na tsinci ɗan abin da na tsinta na harshensu. Shi ya sa duk lokacin da aka ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, zai fito ƙidaya, sai maigari ya tura ni gida-gida in faɗa wa mutane yadda za su tsaya da abin da za su amsa. Ƙaramin yaro ba ya biya, makaho da gurgu ba sa biya, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare shi ma ana cire shi. Ladana ɗan gero ne a ƙwarya, wani gidan ma godiya kawai. Duk da haka ina son aikin nan ƙwarai, don ranar ƙidaya ji nake kamar ni ne uwar biki.

Mutanenmu sun fi Nasara ba ni wahala. Sai ka yini kana koya wa mutum kame baki, ya zo gaban kumandan ya hau ba da labarin awakinsa.

Shekarar da fara ta cinye mana gero, matar ɗan ƙanen kakana ta same ni. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da surukinta, wanda duk muke kira Tsoho. Jaki ɗaya gare su, da shi take kai itace kasuwa.

Ta ce, "Wanga karo ka hidda muna Tsoho. Nasara ba su amsar wuri, ba su amsar hatsi, sai kuɗin ƙarhe. In ba a cire shi ba jakin nan za mu saidawa, kuma ka san shi ka ci da mu."

Na buga ƙirji na ce ta bar mini. A ganina aiki ne mai sauƙi, kan Tsoho fari fat, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Sai dai ɗan kokawa ne tun yana saurayi, har lokacin tafiyarsa ta zakara ce. Da yake tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, na samo sanda na tafi.

Na ce, "Tsoho, tanƙware."

"Mi zan tanƙware ma? Ko ubanka ban tanƙware mai ba."

"To yi tari."

"Ɗan banza, ni za ka koya ma tari? Ina tari tun uwarka tana goye."

Ya yi wani tari mai kama da kukan bijimi, kaji suka watse. Na yi dariya har da hawaye. Da ƙyar da lallashi, da tuna masa jikokinsa, ya yarda. Da ya yarda kuwa ya ƙware, har maƙwabta suka fara leƙowa suna yi masa sannu da gaske.

Ranar ƙidaya aka kafa tebur a gindin gawo. Kumandan na zaune, tafinta na tsaye, soja na gefe da bindiga, gari kaf ya fito. Da aka kira gidansu Tsoho ya taho yana jan ƙafa, hannu na rawa a kan sanda. Tafinta ya tambaye shi shekarunsa, ya kama kunne ya ce, "Iye?" Wallahi ban koya masa wannan ba, nasa ne. Na ga kumandan ya ɗaga alƙalami zai cire shi, na fara shirya yadda zan yi taƙama a kasuwa.

Ashe wanda aka sallama kafin shi bai tafi ba. Wani dattijo ne sa'ansa, asalinsa daga wajen Damana, sun sha kamawa a fagen kokawa tun suna samari, kowa na cewa mutumin Damana ya fi. Shi yana da shanu, bai damu da lanho ba, an bar shi cikin masu biya. Ya juyo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sannu, tsoho. Ni an bar ni cikin maza. Tahi gida a dama maka kunu."

Ban ga lokacin da sandar ta tashi sama ba. Tsoho ya miƙe tsaye ƙyam, ya tuɓe riga, ya daki ƙirji. Kafin in ce kai, sun haɗe. Fili ya rikice, mata na guɗa, samari na tsalle, wani ya hau reshen gawo. Soja ya zabura zai raba su, kumandan ya ɗaga masa hannu yana ƙyalƙyala dariya. Suka yi ta juyi suna nishi, Tsoho ya sa ƙafa ya harɗe shi, ya ɗaga shi cak, ya dasa bayansa a ƙasa. Duk filin nan ba wanda ya kai ni ihu. Na jefa hulata sama ina kiran kirarinsa. Murna irin ta ranar nan ban sake yin ta ba.

Sai da tafinta ya ce, "Kumandan ya ce wanga ya hi shi ƙarhi," sannan na dawo hayyacina. Na waiwaya na ga surukarsa ta ja yaranta ta bi hanyar gida.

Ranar kasuwa wani Buzu daga Bonkuku ya sayi jakin. Ita ba ta iya yi wa surukinta magana, kunya ta hana, don haka ni na je na zazzage masa abin da ke cikina. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Gaskiyarka. An rubuta ni cikin maza, aikin maza zan yi."

Washegari ya ɗauki gatari da igiya ya shiga daji. Itacen da jaki ke kawowa shi ya dinga ɗauko shi a ka, duk tsawon rani da bazara. Surukarsa ta aika a roƙe shi, maigari ya yi magana, ni ma na tare shi a hanya ya kore ni. Yaran ba su rasa tuwo ba.

Da ƙidaya ta sake zagayowa, wuyansa ya riga ya ƙi juyawa, bayansa ya ƙi miƙewa. Abu ɗaya ya roƙe ni, in sa a kira shi bayan mutumin Damana ya bar filin. Na yi masa haka. Kumandan ya dube shi sau ɗaya ya cire shi, bai ma gane shi ba. Surukarsa, wadda ta samu abin da ta nema, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ni kuma na kama hannunsa muka tafi gida a hankali.