Yadda na goge wa abokina wata huɗu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kibiya, abokina ya yi hatsari da a-daidaita-sahunsa a hanyar Rurum. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Aka kai shi Kano aka saka masa ƙarfe, aka dawo da shi gidansu a Rano, aka kwantar a ɗakinsa na soro. Mutumin da in yana waje ba mai samun damar magana, sai ga shi ya juya wa kowa baya yana kallon bango. In ka gaishe shi ya amsa da ka. Abinci kuwa sai mahaifiyarsa ta yi ta lallashi kafin ya ci loma uku.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na saya a hannun wani ɗan bautar ƙasa. A cikinta akwai wani gem, wato wasan kwamfuta, da ya bari, wanda ko a lokacin ma ya tsufa. Irin wanda za ka ƙirƙiri jarumi ka raɗa masa suna, ka shiga duniyar matsafa da dodanni, kana tara abokan tafiya a hanya. Na kai masa ne kawai don ban san abin da zan yi masa ba.

In za a faɗi gaskiya, gem ɗin nan yana da aibu kala-kala. Fuskokin mutanen kamar an mulmula su da laka. Jarumin yana tafiya kamar mai ciwon baya, daga gari zuwa gari sai ka yi hamma sau biyar. Taswirar ba ta nuna maka inda za ka, Turancin kuma na mutanen da ne, sai da ƙamus a gefe. Ga shi yana iya sandarewa ana tsakiyar faɗa, dole ka kashe kwamfutar. Amma fa mutanen ciki suna da rai. Abokan tafiyarka suna gardama da juna, suna fushi da kai, wani in ka zalunci talaka ya tattara kayansa ya bar ka. Duk abin da ka zaɓa yana bin ka har gaba, wanda ya mutu kuma ya mutu ke nan.

Bayan sati biyu na je dubiya, na tarar da shi a zaune, an tokare masa baya da filo, yana zagin wani sarkin ɓarayi. Inna, mahaifiyar tasa, ta ja ni gefe ta ce, “Malam, ban san abin da ke cikin akwatin nan ba, amma jiya tuwo biyu ya ci. Allah ya yi maka albarka.” Haka ya yi wata huɗu, kullum ana kai ta caji shagon mai sola ana dawo masa da ita.

Sai ƙarshen zango ya zo, hedimasta ya ce a shigar da makin yara a kwamfuta. Na je na aro kayana da alkawarin kwana biyar. Abokina yana miƙo min kwamfutar ya ce, “Na isa ƙofar birnin kan dutse. Kar ka taɓa min komai.” Na ce haba, ni yaro ne?

Rana ta uku na gama aikin da wuri, ofishin malamai ba kowa. Na ce bari in ɗan ga abin da ya riƙe mutumin nan haka. Na fara sabon wasa, na yi kamar rabin awa, na danna wajen adanawa. Wani aibin da ban sani ba sai a ranar: gem ɗin ba ya tambayarka ko ka tabbata. Layin ajiyar da ke sama kawai yake hayewa, ya shafe abin da ke ciki. Da na koma duba jerin, sunan jarumin abokina babu shi. Nawa ne a wurin, ɗan tsirarren da ko takalmi bai saya ba.

Na kashe na kunna ya fi sau goma, kamar hakan zai sa ta tuba. Washegari na kai wa wani mai gyara a kasuwar Rano, na bi ta bayan layi don kar wani ɗan gidansu ya gan ni. Ya duba ya ce, “Malam, wannan an rubuta wani a kansa. Ko Kano ka kai ba zai dawo ba.”

A nan ya kamata in wuce gidansu in faɗa masa. Sai na yi dabarar marasa wayo. Na ce ai na san sunan jarumin, na san mai takobi ne, na san inda ya tsaya. Zan sake bugawa har can, in mayar masa kamar ba abin da ya faru. Na kira shi na ce aikin maki ya ƙaru, ya ƙara min sati.

Ga ni nan, magidanci mai ’ya’ya biyu, an yi hutu kowa ya tafi gona, ni ina zuwa makaranta kullum saboda solar ofis, daga hantsi har la’asar ina fama da aljanun fadama. Ba na jin daɗin komai. Kiɗan gem ɗin mai sanyi ne, kowa ya ji sai ya yaba, amma ni ƙara min faɗuwar gaba yake. Na ɓata a wani daji kwana biyu cur saboda taswirar banza. Duk faɗan da na ga zan iya kauce masa sai in kauce, in ba da cin hanci ko in ruga. Waya in ta yi ƙara sai na duba sunan mai kira kafin in ɗauka.

Sati ya zama biyu. Ran nan Inna ta kira da kanta. “Malam, lafiya dai ko? Mutumin naka ya koma kallon bango. Tun jiya ko kunu bai sha ba.” Na ce gobe in sha Allahu. Na ajiye wayar na koma kan kwamfutar. A ranar na isa ƙofar birnin kan dutse da kyar, da rabin ƙarfin da ya kamata.

Washegari na kai masa bayan azahar. Ya karɓa ya ɗora a cinya ya kunna. Ni kuma na zauna a bakin tabarma ina ba shi labarin hedimasta, labarin da ba kai ba gindi. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo da shi wajena ya nuna wani tsoho mai kwari da baka a cikin tawagar.

“Wannan fa?”

Na ce, “Ai abokin tafiyarka ne.”

“Ya mutu tun watan azumi. A kan gada. Ni na ja su faɗan, shi ya tsaya ya tare mana baya. Yini na yi ban taɓa kwamfutar nan ba.”

Na faɗa masa komai, har da zuwa wajen mai gyara ta bayan layi. Ina jira ya yi faɗa, don da ya yi da na samu sauƙi. Sai ya rufe kwamfutar a hankali.

“Gogewar ba ta dame ni kamar yadda kake zato ba,” ya ce. “Sati biyu kana min ƙarya. Tun da na karye kowa ƙarya yake min. In na tambayi Inna ta ce ƙafa ta kusa. In na tambayi masu dubiya su ce ai na ma warke. Mutanen cikin abin nan kaɗai ne in na yi ba daidai ba suke faɗa min a fuskata. Na ɗauka kai ma haka kake.”

Sannan ya kalle ni. “Ranar da kuka koma asibiti da ni, likita ya fita da ku waje kai da Inna. Me ya ce?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Mun yi da Inna ba za mu faɗa masa ba sai ya fara takawa. Ina jin motsinta a tsakar gida tana tankaɗe. Na ce, “Ya ce za ka taka. Amma ƙafar ta gajarce, za ka riƙa ɗingishi. Kuma tuƙi mai nisa zai yi wuya.”

Ya rufe ido. Na ga hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Na zauna ina tunanin na kashe shi da bakina, ina tunanin da wane ido zan kalli Inna. Mun fi minti goma a haka.

Can ya share fuska da hannun riga ya ce, “To. Yanzu na san abin da nake jira.” Ya ɗaga murya, “Inna, akwai sauran kunun?”

Kafin in tafi ya sake buɗe kwamfutar ya tambaye ni yadda aka yi na haye gadar da tsohon a raye. Na ce ban yi faɗan ba, toshiya na ba ɓarayin na wuce. Ya yi dariya har sai da ƙafar ta amsa. Ya ce, “Matsoraci.” A gabana ya goge nawa, ya fara daga farko.

Inna ta yi kusan wata tana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma ban ga laifinta ba. Shi kuwa yanzu yana da shagon kayan gyaran babur, yana ɗingishinsa yana cika kasuwa da surutu. Ya gama gem ɗin daga baya, ya ce ƙarshen ma na gaggawa ne, kamar masu yin sa sun gaji sun tashi, amma ba ya nadamar ko awa ɗaya da ya yi a ciki.

Ni dai har yau ban gama warkewa ba. Duk sanda na je dubiya marar lafiya ya dube ni ya ce, “Tsakani da Allah, ya ka gan ni?” sai in ji “ai da sauƙi” ta taho bakina da gudu tun kafin in duba shi. Nakan haɗiye ta, in gyara zama, in tambaye shi me yake son sani. Gabana yana faɗuwa kowane lokaci, amma ban ƙara tashi na bar mutum shi kaɗai da tambayarsa ba.