Koren Fentin Gadon Inna

Ku yi haƙuri da ni, masu karatu, ni ba gwanin ba da labari ba ne, kuma na daɗe ina shakkar rubuta wannan, don na san wasu za su ce zafin rana ne ko baƙin cikin rashin uwa ya taɓa ni. Wataƙila suna da gaskiya. Amma wallahi abin da idona ya gani zan faɗa, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

A Agege abin ya faru, shekara guda bayan sojoji sun koma bariki. A lokacin na gama jami'a, na gama hidimar ƙasa, na shekara biyu ina yawo da takarduna a kamfanonin Ilupeju ana ce mini in dawo wata mai zuwa. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, mahaifiyata kuma, wadda nake kira Inna, ta rasu a damunar da ta gabata, ta bar mini ɗaki guda da kayan cikinsa. Ni kaɗai ne ɗanta. Na dai san ta haifi wasu kafin ni sun koma, amma ba ta taɓa zama ta ba ni labarinsu ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Daga ƙarshe wata mata 'yar Kudancin Kaduna, Madam Rifkatu, ta ɗauke ni aiki. Sana'arta ita ce sayen tsofaffin kayan ɗakin matan Hausawa, gadaje da kabad da akwatunan katako, a kankare fentinsu, a yi musu ado da rinannen yadin adire da luru da igiyar kaba, a rataya ƙorai da faya-fayi, a sayar wa Turawa da 'yan gayun Ikoyi masu son ɗakin kwanansu ya yi kama da na mai zane wanda bai damu da tsari ba. Abin da matanmu ke jin kunyar a gani a ɗakinsu, shi waɗannan ke rububi. Aikina shi ne magana da masu saye da Turanci, in babu kowa kuma in kama samfefa in yi ta gurza.

Madam mutuniyar kirki ce, kada ku ɗora mata laifi. Ranar da ta zo yi mini gaisuwar shekarar rasuwar Inna ta ga gadonta, gadon ƙarfe mai rumfa wanda aka kawo daga Kano a jirgin ƙasa lokacin aurenta, sai ta ce wata Baturiya ta daɗe tana neman irinsa, in na yarda ta gyara shi, wannan cinikin zai tsayar da shagon da ƙafarsa, ni ma aikina ya tabbata. Ba ta matsa mini ba. Na kwana uku ina juya maganar, na ce a raina ai ƙarfe ne, Inna addu'a take bukata ba gado ba. Na yarda. Ban shawarci kowa ba, har da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a bayan layinmu.

Ni na roƙa a bar mini gurzar, don ban so hannun wani ya taɓa shi. Ranar wata Talata bayan Azahar na fitar da shi tsakar shagon na fara. Shuɗin fenti ne a sama, wanda na buɗe ido na gani tun ina yaro. Da na kankare shi sai ga rawaya a ƙasa, na kankare rawayar sai ga kore ya fara leƙowa. Na yi mamakin yawan fentin, amma ban kawo komai a raina ba.

Ina durƙushe sai na ga inuwa a kan ƙarfen. Na ɗaga kai, ga wata mata tsaye, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, da goyo a bayanta, ta ɗaura wata atamfa irin wadda aka daina yayi tuntuni. Ban ji sallamarta ba, ko da yake ƙarar gurzar na iya hana ni ji. Na gaishe ta, na ce Madam na bakin ƙofa in kaya take son sayarwa. Ta dafa ƙarfen wajen kai da hannun hagu, tana shafa shi a hankali kamar mai lallashin yaro.

Ta ce, “Ka cire naka, ka cire na Sani. Idan ka zo kan koren nan ka dakata.”

Na ce, “Baiwar Allah, aiki aka sa ni, gobe mai shi za ta zo.”

Ta ce, “Sauran duk an kira sunansu a gaban jama'a. Ita ba ta kai ba. Fentin nan kaɗai gare ta.”

Ban gane ba, kuma, Allah ya yafe mini, na ɗauka mai taɓin hankali ce, irin waɗanda ke yawo a bakin tasha. Don in rabu da ita na ce to, na ji, zan bari. Ta dube ni ta ce, “Ka ce to fa.” Na sunkuya in ɗauki sabuwar samfefa, da na ɗago babu kowa. Abu biyu na riƙe: goyon nan ko motsi bai yi ba, sannan babban yatsanta na hagu a lanƙwashe yake. Na leƙa na tambayi Madam, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana ɗinka adire, ta ce tun da ta zauna ko kaza ba ta wuce ta gabanta ba. Ƙofa ɗaya ce shagon.

Nan ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Na tsaya da samfefa a hannu, amma na tuna shekara biyun da na yi ina yawo, na tuna Baturiya za ta zo gobe, kuma ƙarfe tsirara ta ce tana so. Na gurje koren. Na gurje na ƙasansa, da na ƙasan wannan, har na ƙirga kala bakwai. Da aka kira La'asar hannuna duk garin fenti, na yi alwala a bakin kwata, ina kallo ruwan ya tafi da shi.

Washegari da safe Madam ta kira ni tana faɗa, wai na yi ha'inci. A ƙarfen wajen kai akwai kore, faɗinsa kamar tafin hannu, daidai inda matar ta dafa. Zai yiwu na tsallake wurin, ban musa ba, ko da yake ni mutum ne mai duba aiki sau uku. Na sake gurje shi a gaban Madam har ƙarfen ya yi fari, muka shafa man ƙyalli, muka yafa adire a rumfar, muka shimfiɗa luru. Da Baturiyar ta zo da hantsi ta ɗaga adiren, koren na nan. Madam ta dube ni, na dube ta. Ita kuwa Baturiyar ta shafa wurin ta ce shi ya fi burge ta a gadon duka, kada a taɓa shi. Aka ɗora a mota.

Ran Juma'a na kasa daurewa na je wurin Gwaggo Asabe. Ban ba ta labarin matar ba, na dai tambaye ta me ya sa gadon Inna ke da fenti kala-kala. Ta ce ai al'adar matan gidanmu ce, duk haihuwa, kafin ranar suna, sai a kira mai fenti ya sabunta gadon mai jego don 'yan barka. Inna ta haihu bakwai, kowanne da kalarsa, kuma ba ta taɓa yarda a kankare na baya ba, sai dai a shafa a kai. Ta lissafa mini su da yatsa. Rawaya na Sani ne, wanda nake bi, ya shekara biyu ƙyanda ta ɗauke shi. Na ce koren fa? Ta ce mace ce, fentin bai gama bushewa ba ta koma, kwana biyar, ba a kai ga raɗa suna ba.

Sai ta ce, “Ai shi ya sa ko da wasa uwarka ba ta bari a jingina gadon nan da bango, kada ya goge. Yana nan dai ko?”

Na ce yana nan. Ƙaryar da na yi mata ke nan, har ta rasu ban gyara ba.

A hanyar gida na tuna yatsan Inna na hagu, wanda turmi ya taɓa dannewa tun tana amarya. Shekara ashirin da takwas ina ganin yatsan nan yana tallabe da kwanon abincina, amma ranar ban gane shi ba. Ban ce ita ce ba, ni ba malami ba ne, kuma na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Na dai faɗi abin da na gani.

Na nemi gadon. Madam da kanta ta raka ni Ikoyi bayan mako biyu, mai gadi ya ce matar ta gama aikinta, an loda kayanta a jirgin ruwa, bai san ƙasar ba. Aikin kuwa ya tabbata, na shekara huɗu a shagon, ban ƙara kama samfefa ba.

Yanzu ina da 'ya'ya, babbar na sa mata sunan Inna. Wani lokaci ina alwala sai in tsaya ina duban ruwan da ke zuba daga hannuna. Yayata tana can a ɗakin wasu mutane da ban san harshensu ba, faɗin tafin hannu, ban sani ba ko wani ya sake sa mata samfefa, ban kuma sani ba ko ta sake dawowa.

Don Allah, in tsohuwarku ta bar muku wani abu, ko ya yi muni a idonku, kafin ku kankare ko ku sayar, ku nemi wanda ya san ta tun tana amarya ku tambaya. In kuma kun ce wa wani to, ku tsaya a kai.