Yaya Sabo da Zaren Inna

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Malam Sabo, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Suleja. Allah Ya jiƙansa, har yau ban ga namijin da ya tona wa kansa asiri da murna irin tasa ba.

Sun daɗe da aure shi da Anti Ladi, ba haihuwa. Kamar yadda aka saba, ita aka sa wa ido. Babu saiwar da Innarmu ba ta jiƙa mata ba, har daga Maje ake aiko da wata a galan. Ladi ta sha ɗaci har ta rame, dangi kuma suka fara raɗa wa Yaya ya sallame ta. Ya hau mota ya je wani asibiti a Abuja aka gwada shi.

Da ya dawo ya same mu a tsakar gida, ya ce, "Inna, a zubar da jiƙon nan. Matsalar tawa ce."

Inna ta ce, "Rufa mana asiri, Sabo, ƙannenka na ji!"

Ina! Malami ya samu aji. Ya ɗauko zaren ɗinkinta, ya ce gadon halittar mutum dogon zare ne, naɗe a jikin wasu 'yan kwarkwaro da ake kira histon. Kafin ƙwayar haihuwar namiji ta nuna, sai jiki ya liƙa wa histon ɗin wani sinadari, asetil, naɗin ya sassauta, a cire su, a sake ƙulle zaren tam yadda zai shiga ɗan mitsitsin kan ƙwayar. In sassautawar ta ƙi, sai ƙwayar ta fito ba ta iya aikinta. Likita bai ce wannan ce cutarsa ba. Shi ya karanto, ta burge shi, ya zaɓe ta.

Inna ta dubi zarenta warware a ƙasa, ta ce, "To in zare ne, me ya kai ka Abuja? Ga tela nan a bakin layi."

Daga nan babu majalisar da ta tsira. Ya taɓa tare mai tallan maganin maza da lasifika a Gauraka, ya tambaye shi ko maganin yana sassauta histon. Mutumin ya ce, "Sosai, Oga, har da basir." Yau da masu irin wannan talla suka koma cikin waya, na tabbata da yana raye sai sun toshe lambarsa.

Haihuwar dai ba ta zo ba. Yaya ya rasu bai bar ɗa ba, kuma na san abin ya ci shi a rai, duk da barkwancin. Amma ya bar wa Ladi mutuncinta, ya bar mana wata al'ada. Kwanan baya wata yarinya daga Bagama ta zo wurin Ladi tana kuka, wai surukai sun ce juya ce. Ladi ta bari ta gama, ta ce, "Share hawayenki, 'yata. Shi maigidan naki, an duba shi?"