Sallamar Masu Keke

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a shekarar da aka raba wa 'yan makaranta tuta don murnar mulkin kai, daminar da aka yaye ƙanena Habu, tun motoci ba su koma hannun dama ba. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma makarantar kwanan samari ta Birnin Kudu na san ta lungu-lungu, don ta tsakiyarta hanyarmu ta ratsa. Tun kafin a aza tubalinta na farko iyayenmu ke bin hanyar da ƙwaryar nono daga wajen Wurno zuwa kasuwa.

Hanya ce siririya, dalbejiya a gefe guda, gonar gyaɗar ɗalibai a ɗayan. Da mun gama tatsa da sharar turke sai mu ɗora ƙwarya a kan gammo, mu jero muna waƙa, muna leƙen samari da gajerun wandunansu. Malamai kuwa kowa da kekensa, ana goge shi kamar amarya.

Wata safiya Malam Sule mai koyar da lissafi ya taho ta bayanmu, ya kaɗa ƙararrawa. Mai ƙwarya a ka ba ta iya waiwaye, sai dai ta yi ta kanta. Muka watse, wasu dama wasu hagu. Ƙawata Hajara ta faɗa daidai inda ya kauce. Nono ya malale, ƙafarta ta gurɗe, Malam ya kwanta cikin kunyar gyaɗa, taya na ta juyawa a sama. Kafin azahar hedimasta ya ce a toshe hanyar da ƙaya. Sai muka koma zagaye ta titin kwalta, inda manyan motocin Bauchi ke wucewa kamar za su kwashe mutum, nono kuma ya yi tsami a rana kafin mu isa.

Ana nan sai ga Malam Sule ya zo duba Hajara, wadda ke jinya a gidanmu, gwiwar hannunsa a naɗe. Ya yi sallama daga zaure, Inna ta amsa.

"Inna, wallahi na kaɗa ƙararrawa," in ji shi.

"Ka kaɗa, ɗana. Amma yanzu da ka yi sallama na amsa, ai ka san na ji ka. Ƙararrawar taka wa zai amsa mata?"

Ya yi dariya. "To ku ma ku daina cika hanya kamar garken awaki."

A nan aka ƙulla yarjejeniya. Mu masu kaya mu riƙe gefen dalbejiya, ɗaya bayan ɗaya. Mai keke kuma ya yi sallama tun daga nesa, kada ya wuce sai an amsa. Shi da kansa ya roƙi hedimasta, aka janye ƙaya. Har na yi aure, har malamai suka sayi babur a shekarun kuɗin man fetur, sai su rage wuta su yi mana sallama.

Bara jikata ta kai ni makarantarsu. Babura na tsala gudu tsakanin ɗalibai, su kuma kowa ya toshe kunne da waya, ba mai gaida wani. Na tsaya a gefe, kunnena na jiran sallama.

Inna ta rasu, Malam Sule ma, Allah ya jiƙansu. Habu yana nan, ido ya yi rauni. Hajara tana Dingaya ta ƙasar Gwaram, tana ɗingishi kaɗan. In na je gidanta na yi sallama, sai ta ce, "Wuce, na ji ki."